Kujerar tarakta ta ɗaga ni sama

Jama'a, yau kujera ce ta raba ni da birki!

Kun san taraktar da nake tuƙawa a Gubi. Ɗan injin da ke hura wa kujerarta iska ya mutu, bayana kamar zai tsinke. Da safe na je shagon kayan gyara kusa da Muda Lawal. Mai shago ya fito da guda biyu, ya ce, "Malam Sabo, ƙaramin nan ya ishe ka." Na ce a'a, ba ni mai ƙarfin, na gaji da wahala.

Bakanike ya ɗaura, ya ce, "Oga, yau sai barci a kan aiki." Ashe kai tsaye ya haɗa wayar injin da makulli, babu abin kashe shi!

Na fara huɗa. Sai na ji ina tashi sama. Kujera na ta kumbura, ta ƙi tsayawa! Ga ni gajere. Na miƙa ƙafa, babu birki! Kafin in lalubo makulli in kashe, na afka cikin tumatir ɗin Mama Saratu, maƙwabciyar gonar. Kunya biyu sun tafi.

Ta taho da gudu tana salati irin nasu. Ta ɗaga kai ta dube ni can sama, ta ce, "Ɗana, sauko mana." Na ce, "Mama, ai ƙafata ba ta kaiwa."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce gobe zan huɗe mata ɗaya gonar kyauta.

Wallahi na gaji. Kar kowa ya kira ni.