Takardar da Babu Sunan Kawu

Har yau in na wuce wurin mai gyaran waya na ji warin dalma tana narkewa, sai in tuna barandarmu ta hawa na sha huɗu a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje. Ina 'yar shekara tara a lokacin, Baba yana karatun digiri na uku.

Akwai abokinsa mutumin Jos, shi ma ɗalibi, da muke kira Kawu. Duk Asabar yana zuwa da gurasar roti mai zafi daga shagon abincin da ake kira mamak, su baje wayoyi da gilasai a barandar nan. Na'urar busar da tumatir da hasken rana suke haɗawa, don manoman gida. Ka san ruwan garin nan, bayan la'asar yake saukowa ba sallama. Da gudu suke kwashe kaya suna dariya, Mama tana faɗan an ɓata mata tabarma.

Shekara biyu tumatir yana yi musu fumfuna. Kawu ne ya ce a juya fankar na'urar, iska ta fito ta ƙasa. Ina wurin. A makon tumatir ya bushe jawur.

Da takardar mallakar ƙirƙira ta fito, sunan Baba ne da na farfesansa. Kawu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

Ya ce, “Malam, ko a can ƙasan takardar ne ai da ka sa ni.”

Baba ya ce, “Ba ni na tsara ba.” Bai ɗaga kai ba.

Kawu ya kai ƙara jami'a, aka yi ta zaman kwamiti, ba abin da ya canza. Aka hana ni zuwa wurin 'yarsa, ƙawata tilo mai jin Hausa a ginin. Mu haɗu a lif, kowa ya kalli ƙasa. Daga baya suka koma gida bai kammala karatun ba. Rasuwarsa ma a bakin wani muka ji.

Na'urar ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Yanzu irinta ta ƙasashen waje ta cika Kano, ba wanda ke tambayar wa ya fara. Baba ya tsufa, ya manta abubuwa da yawa, har sunan jikokinsa. Amma kwanan baya ya kama hannuna ya ce, “Kin ga Kawunki? Ki ce masa ya zo, akwai abin da zan gyara.”

Na ce masa to.