Kawu Kofur da Sojojin da Ba Sa Cin Abinci

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallona da ke hanyar Inkil ya san gyaran muryar Kawu Kofur. Da zarar soja ya leƙo a fim, sai ya ɗaga sanda daga bencin gaba ya nuna talabijin, kowa ya san an shiga uku. Ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi yaƙin basasa yana kuku, mai dafa wa sojoji abinci, kuma a ganinsa wannan ya ba shi izinin gyara duk wani fim ɗin yaƙi da aka taɓa yi a duniya.

"Ɗanjuma, tsayar da shi," zai ce mini. "Tun ɗazu mutanen nan ke gudu a daji. Ka ga wanda ya kai loma baki?"

"Kawu, fim ne fa."

"To 'yan fim ba su da ciki? Wa ya ɗora musu tukunya? Soja da yunwa ko akuya ba zai iya kora ba."

Jarumi ya kashe runduna guda da bindiga ɗaya, wannan bai dame shi ba. Haƙoran jarumin ne suka tsone masa ido. Rannan Emeka mai kayan gyaran babur ya gaji, ya ce, "Baba, bari mu kalla mana, ba kai ne ya yi fim ba."

"Ubanka ai yana ɗaya ɓangaren. Kira shi ka tambaya ko ya taɓa ganin soja da fararen haƙora haka."

Emeka kuwa ya fita ya buga waya, ya dawo yana sosa ƙeya. "Ya ce gaskiya ne. Ya ce in iska ta juyo, ƙamshin wakenku yana hana su sukuni."

Shi ke nan, an ba mai kaza kai. Daga ranar Kawu ya tsaya a kan cewa wakensa ne ya kawo ƙarshen yaƙi, kuma ba wanda ya isa ya musa.

Wata rana da la'asar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, samari suka ce to Kawu ya ba su labarin yaƙi na gaskiya. Ya gyara zama. Ya ba da labarin yadda suka jira motar kaya, ruwa ya sauko, itace ya jiƙe, suka ci gaba da jira. Bai gama labarin feren doya ba benci ya zama wayam.

"Kun gani?" in ji shi. "Ba a harba ko ɗaya ba, har an watse."

Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki ba, don samarin sun fara komawa wani gidan kallo a Miri, ni kuwa da wannan rumfar nake ci da iyali. Na yanke shawarar zan roƙe shi ya daina zuwa. Amma da wane baki za ka kori ƙanen uwarka? Na ce bari a gama fim ɗin ranar tukuna.

Da aka dawo da wuta, samari suka dawo aka ci gaba da kallo. Can wajen ƙarshen fim ɗin aka harbi wani yaro soja. Ba kiɗa, ba dogon jawabi. Yana kwance yana neman ruwa, yana kiran uwarsa. Muka juya muna jiran gyara. Kawu ya kwantar da sandarsa a cinya.

"Wannan sun yi daidai," ya ce a hankali. "Haka suke kira. Ni nake kawo musu ruwan."

Ya tashi ya fita, bai ƙara zuwa ba. Samarin da suka gudu saboda shi su ne suka bi ni har gidansa muna roƙonsa ya dawo, ya ce ya gama kallo. Da daminar bara ya rasu, kuma wallahi har yau ina kewarsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta. Yadda ya shayar da 'ya'yan mutane a lokacin da iyayensu ba sa kusa, Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara.