Taɓaryar da Ta Tsaya a Sama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Kabiru, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan soya waina in raba sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi yiwuwa, shi ya sa na roƙi wannan fili.

Kabiru ma'aikacin asibiti ne a Kano, a ɗakin da ake manna wa mutum wayoyi a ka, na'ura tana zana yadda ƙwaƙwalwarsa ke bugawa. Idan ya zo gida Roni hutun sallah tsiya muke masa, mu ce duk karatun nan a kitso ya ƙare. Ba ya fushi. Tabarma zai ja ya fara bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Wata rana muna lugude a tsakar gida, mu uku a turmi ɗaya, ya tsaya ya ce ga aikinsa nan muna yi. A cewarsa ƙwaƙwalwa ɓangare-ɓangare ce, mai gani daban, mai ji daban, mai yanke shawara daban, kowane da irin bugunsa. Idan mutum ya mai da hankali kan abu, sai ɓangarorin da abin ya shafa su daidaita bugunsu, saƙo ya samu hanyar wucewa, sauran hayaniya kuma a rage mata murya. Ya ce akwai yaran da bugun kan cakuɗe musu na ɗan lokaci, duk taɓaren su sauko tare, babu saƙon da zai wuce. Yaron ba ya faɗuwa, ba ya kumfa. Ido kawai zai ƙafe, can ya dawo bai san ya tafi ba. Na ce malamin daka da bai taɓa riƙe taɓarya ba ya matsa, kada tsaki ya faɗa masa ido.

Ya bar 'ya ɗaya, mai sunan mahaifiyarmu, don haka Ummi muke ce mata. Da uwarta ta sake aure a Babura, ni na ɗauko ta zuwa Kazaure, inda nake koyarwa a firamare.

Nakan tambayi kaina me zai ce da wannan zamani da kowa ke kukan yara ba su da nutsuwa. Mu malamai amsarmu a bakinmu take: waya ce. Da Ummi ta fara yanke magana a tsakiya tana kallon bango, wayar na ɗora wa laifi, alhali ba ta da ita, tawa take ɗan taɓawa. Na hana ta. Malamin Islamiyya ya ce tana tsallake aya a hadda, na ce wasa ne ya yi mata yawa.

Bayan girbin da ya wuce muka je Roni. Aka sa turmi, Ummi ta shiga lugude da ni da wata maƙwabciya. Tana tafiya daidai, sai taɓaryarta ta tsaya a sama. Na kalli idonta. A buɗe yake, amma ba ta ganina. Tawa ta sauka, ta maƙwabciya ta sauka, na sake saukewa, sannan tata ta faɗo a kan tawa. Ta ce, "Gwaggo, ke kika yi sauri."

Nan take na gane, kuma abin da ke cina ke nan. Rashin sani na baya zan iya yafe wa kaina. Amma tun daga ranar na sani, na kuma yi shiru, saboda sunan abin da nake zargi farfaɗiya ne, wani nau'inta mara faɗuwa, kuma a gidanmu na dagaci ba a furta wannan kalma. Na san masu janye 'ya'yansu daga kwano ɗaya da yaro mai ita don sun ɗauka ana ɗauka. Sai na hana ta zuwa bakin dam, na hana ta hawa acaɓa ita kaɗai, na raba ta da murhu. Mutane suka ce ina sangarta malalaciya, na bar su a haka. Na gwammace a kira ta malalaciya. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Da Kabiru na nan ba zai yi mini faɗa ba, bai iya ba. Zai dai tambaye ni tun yaushe na lura, kuma ba ni da fuskar amsawa.

Kwanan nan aka ce za a maimaita wa Ummi aji. Ta same ni ina shara, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Wallahi ina saurara. Ban san inda maganar take zuwa ba." Yarinya tana ba ni haƙuri kan abin da ni na san ba laifinta ba ne.

Washegari na tafi Roni. Na tarar da Hajiya, mahaifiyarmu, tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na zauna, na faɗi kalmar ƙarara game da Ummi. Ina jiran ta ce in rufa mata asiri. Tana ɓara ta ce, "Ubanta ma haka ya yi yana ƙarami. Na ɓoye, ko mahaifinku bai sani ba. Da ya girma abin ya sake shi. Shi kaɗai na faɗa wa, lokacin da zai tafi karatu." Ta zuba ɓawon a ƙasa ta ce, "Ki kai ta. Ni ban samu inda zan kai shi ba."

Kabiru bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba, kujerarsa ta asibiti wani ne a kai. Abin da ya rage shi ne aikin da ya zaɓa, wanda sai yanzu na san dalilinsa, da yarinyar da ke buƙatar a yi mata shi. Ban san me na'ura za ta nuna ba, wannan na likita ne, amma an ce idan abin da nake zargi ne yana da magani.

Mako mai zuwa za mu tafi, in Allah Ya yarda. Hajiya, wadda rabonta da Kano tun ranar da aka ɗauko gawarsa, ta ce a kama mata kujera a mota. Tana so ta ga ɗakin da ɗanta ya zauna yana duba 'ya'yan mutane. Allah Ya kai haske kabarinsa, mu kuma Ya yafe mana.