Inda Muka Kwantar da Yaya Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa a maƙabartar Agege. Bana ɗansa Habibu, wanda ya tashi a hannun kawunnansa a Kano, ya zo Legas da buƙata ɗaya, in nuna masa kabarin mahaifinsa. Na ce masa wannan ai ba wani aiki ba ne.

Yaya mai gyaran na'urorin jirgin sama ne a Ikeja, ni kuwa fata nake saye a kwata, don haka yawancin bayaninsa ta bayan kunnena yake bi. Abu ɗaya ya zauna mini, don a danfo, motar hayar Legas, ya koya mini shi. Yakan sa in rufe ido daga Agege, in riƙa jin gudu da kwana a jikina, can sai ya ce, "To Sarkin Fata, ina muke?" In ce Ikeja, in buɗe ido in ga ko tashar Mangoro da ke kan hanya ba mu kai ba. Ya yi ta dariya har kwandasta ya waiwayo. Ya ce haka jirgi yake idan ya rasa tauraron ɗan'adam: na'urarsa tana jin motsi tana kintace, kuskure yana taruwa kaɗan-kaɗan. Maganinsa a ba jirgin ido, kyamara ta leƙa ƙasa ta gwada abin da ta gani da hoton da aka ajiye mata.

Habibu ya ce mini yanzu ana yin hakan, har a jirage marasa matuƙi. Da Yaya na nan da ya ishe mu da "ban faɗa muku ba?" Sannan, yadda na san shi, ya tambaya: in ƙasar ta canza fa?

Ta kuwa canza. Da muka shiga maƙabartar, na tarar an sare darbejiyar da na riƙe a matsayin alama, an ja sabuwar katanga, kaburbura sun cinye hanyar da na sani. Na yi gaba, na dawo, gumi ya jiƙa mini riga. Cikin waɗanda suka shiga ramin ranar jana'izar, ni kaɗai na rage a raye.

Abin da Yaya ya yi ta buri yana can sama yana aiki, dariyarsa tana bakin ɗansa, amma inda yake kwance ya ɓace mini, kuma abin ya yi mini ciwo. Habibu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Baffa, nan ne?"

Na ce, "Ban sani ba, ɗana. Ɗaga hannu mu yi musu addu'a su duka."