Yadda Muɗallabi Mai Agashe Ya Durƙusa wa Kifi

In ka sauka daga gadar Hasahisa ka nufi Rufa'a, ka karkata ka bi bakin kogi, hancinka zai kai ka wajen Abdulmuttalib tun kafin ƙafarka ta kai. Ba mai kiransa da wannan dogon suna sai limamin da ya raɗa masa, shi ma ya daɗe da rasuwa. Muɗallabi kowa ke cewa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana gasa agashe a gindin wata darbejiya, wato tsiren nan namu mai ƙuli da yaji, wanda Larabawan ƙasar suka ɗanɗana sau ɗaya suka kasa bari.

Gado ya yi. Kakansa mahauci ne daga wajajen Sakkwato, ya taso da ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira wai na shekara guda, har Allah ya karɓi abinsa bai ga teku ba. Uban Muɗallabi ya ɗauki wuƙar, shi ma ya miƙa masa. Muɗallabi yana saurayi ya taɓa yin tawaye, ya shiga masaƙar Hasahisa, amma shekara biyu ya yi ya dawo. Cewa ya yi wurin da ƙarar inji za ta hana mutum jin abin da na kusa da shi ke faɗi, ba wurin zama ba ne. Daga nan kun san irin mutumin. Bakinsa da wutarsa tare ake hura su, kuma wutar ke riga mutuwa.

To kun dai san wasan da ke tsakanin mahauci da masunci. Kakanninmu sun baro gonaki da rumbuna a can gida, amma wannan wasa sai da suka ƙunso shi cikin kayansu. Sai kuma Allah da ikonsa ya haɗa Muɗallabi aure da Hafsa, 'yar masunta ta uwa ta uba, jikar Kabawa daga wani ƙauye kusa da Damazin. Tun daga ranar da aka kawo ta, ba ta girka kifi ba tare da ya tanka ba.

"Uwar Hanaa, yau ma ganyen nan mai ido ne?"

"Shi ne, Malam. In ba ka so, ga ruwa cikin tulu."

Sai ya zauna ya share kwano, ya suɗe hannu, ya ce yunwa ce ta ci shi ba shi ba. Amma ya taɓa kifi da wuƙarsa, ko a aza shi bisa wutarsa? Ya ce sai dai bayan ransa.

Akwai wani benci a gindin darbejiyar, kuma gefensa na dama na Haj Salih ne. Tsohon direban lori ne, ya ci hanyar Damazin har hanyar ta gaji da shi. Shekara talatin, in dai yana gari, da an sallame la'asar za ka gan shi ya ɗage jallabiya ya zauna. Tsinke uku, jabana ɗaya, wato gahawa, sai gardama: kogi ya ƙaru ko ya ragu, wa ya girmi wani tsakaninsu, wa ya fi wani sanin hanya. Matar Salih ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, yana zaune da ɗansa da surukarsa. Bencin nan shi ne majalisarsa, shi ne kasuwarsa.

Sai haƙora suka fara yi masa sallama. Ɗaya ya tafi, biyu suka bi, wani likita ya cire sauran na ciki da suka ruɓe. Salih bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da karɓar tsinkensa uku, yana juya yanka ɗaya a baki kamar mai cin goro. Wata la'asar, benci cike da mutane, Muɗallabi ya hango shi ya kai hannu baki a hankali, ya tofa nama cikin tafi ya ɓoye. Da mai hankali ne da ya kau da kai. Amma bakin Muɗallabi ya riga kansa isowa duniya.

"Jama'a, a kawo ma Haj Salih turmi da taɓarya! Injin niƙa ya tsaya!"

Aka kwashe da dariya. Salih ma ya yi dariya, har da tafa hannu. Ya shanye jabanarsa ya tashi. Washegari bai zo ba. Jibi ma haka.

Da fari Muɗallabi ya ce mura ce. Da aka yi mako ya aika a gaishe shi, aka ce lafiyarsa lau. A masallaci kuwa, da liman ya sallame sai Salih ya sulale ta ƙofar baya. Ranar Juma'a ta uku Muɗallabi ya hango shi daga nesa, jallabiyar ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya dawo gida ya zauna, abincin ma bai yi masa tsiya ba.

Hafsa ta dube shi. "Surukar tasa ta ce min kunu kawai shike sha. Wai in an ba shi wani abu sai ya ce ya ƙoshi."

"Ni na ja."

"Kai ka ja mana, wa za ya ja? Ga kihi nan Allah ya hore muna, tsokarsa hwara, ko mai dasashi ya ci. Amma na manta, ganye ne."

Ya tashi ya fita. Amma washegari, can da hantsi, ya tsayar da wani mai tallan kifi a bayan gari inda ba ido, ya sayi gutsuren ijil, wato giwan ruwa, ya naɗe cikin buhu ya kai bayan rumfarsa. A ransa cewa yake, mutumin da ya shekara arba'in yana sarrafa naman sa da na rago, wane ne kifi? Ya fere shi fale-fale kamar yadda yake yi wa cinya. Ya soke a tsinke, ya turbuɗa cikin ƙuli da yaji har ba a ganin farinsa, ya yayyafa mai, ya kafa tsinkayen kewaye da wuta, ya koma yana fifita. Bai ankara ba sai ya ji tsuu! Tsokar ta saki tsinke ta faɗa toka. Ya kai hannu zai ceci ta biyu, ta uku ta bi ta. Abin da ya rage a jikin itacen ya ƙeƙashe kamar tsohon takalmi, ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci. Kyanwoyin unguwa ne kaɗai suka yi masa godiya.

Bayan kwana biyu ya sake gwadawa. Ya tuna yana ganin Hafsa tana matsa lemun tsami, sai ya tsoma kifin cikin ruwan lemo tun safe ya bar shi har azahar, don ya ce in kaɗan na da amfani, mai yawa ya fi. Da ya ɗago, tsokar ta zama kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ko tsinke ba ta karɓa.

Ya shiga gida yana ta wanke hannu da toka. Hafsa na zaune tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, yaushe raguna suka koma kwana cikin kogi?"

"Mi kika gani?"

"Ban gani ba. Hancin masunta ne."

Ya yi tsaye. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sannan mutumin nan, jikan mahautan Sakkwato, ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna gaban matarsa ya ce, "Uwar Hanaa, koya min."

Ai kuwa ta ajiye rariya. Shekara talatin da shida tana jiran wannan rana, ba za ta bari ta wuce da sauri ba. Ta ce sharaɗi ɗaya ne: gobe da safe ya tafi bakin ruwa da ƙafarsa, inda jirage ke tsayawa, ya zaɓo kifi da hannunsa, ya riƙo shi a fili, ba buhu ba leda, ya ratso ta tsakiyar kasuwa.

"Haba, 'yar masunta, kashe ni za ki yi?"

"Kunya ba ta kisa. Da tana yi, da Haj Salih bai kai yau ba."

Ya tafi. Wallahi masunta sun yi sallah a ranar. Wani ya miƙe cikin jirgi yana kiran na nesa: "Ku zo ku gani, mahauci ya tuba!" Wani ya ce a riƙe shi kada ya ga ruwa ya suma. Wani tsoho ya miƙo masa koma, ragar kamun kifi, ya ce ga rawaninsa. Muɗallabi ya ce su yi ta yi, ai ko sarki kan leƙa talakawansa. Ya durƙusa ya duba yadda aka gaya masa: ido garau ba hazo, ƙarƙashin kunne ja, in ka danna tsoka da yatsa ta taso. Ya ɗauko wani ijil mai tsawon kamu ɗaya, ya ratso kasuwa da shi yana lilo, yara da manya na yi masa barka.

Karatun bai ɗauki lokaci ba, abin da ya ba shi haushi ke nan. Ta sa ya wanke da gishiri da ɗan lemo, ya ɗauraye, ya tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, don jiƙaƙƙen kifi manne wa wayar gashi yake yi. Ta ce ya yanka da kauri, yatsa biyu, ba fale-fale ba. Ta daka tafarnuwa da gishiri da kamun, ɗan kayan ƙamshin nan, ta matsa lemo rabi, ta ɗiga man gyaɗa, ta ce ya shafa.

"Shi ke nan? Ina yajin? Ina ƙulin?"

"Su jira. Kai komi sai ka rufe shi da hayaniya. Nama ake yi ma hwaɗa, kihi lallashi ake."

Ta ce a bar shi gwargwadon yadda jabana ke tafasa a sha, kada ya wuce haka, in ba haka ba lemon ya dafa shi tun bai ga wuta ba. Tsinke kuwa ta ce ya mayar da abinsa. Waya aka aza bisa garwashin da ya yi ja ya daina harshe, aka goge ta da mai. Ya shimfiɗa yankan, nan take hannunsa ya tafi zai juya, ta buge shi da mafici.

"Sau ɗaya ake juyawa! Bari sai farin ya hau rabinsa."

Ya tsaya hannu a baya kamar ɗan makaranta. Da ya juya, ƙasan ya yi ja-ja-ja, ko ɓalli bai manne ba. Jim kaɗan ta ce ya danna. Tsokar ta buɗe fala-fala, fara sol, tururi na tashi. A nan ne ta ce to, yanzu ya kawo gadon gidansu. Ya barbaɗa ƙuli da yaji sama-sama, zafin kifin ya tayar da ƙamshinsu. Ya gutsura ya kai baki, ya sake gutsura.

"Yunwa ce?" in ji Hafsa.

"Ke dai bari."

Saura babban aiki. Ya san in ya aika wa Salih a kwano, zai ce sadaka aka kawo wa marar haƙori, ya mayar. Sai ya yi wanka ya tafi da kansa bayan azahar. Ya iske shi kwance bisa gadon igiya a inuwar zaure.

"Haj Salih, tashi, an ci mutuncina. 'Yar masuntan can ta ce ban iya gasa kihi ba. Na gasa, ta ce ƙarya ne. Alƙali nike nema, kuma duk garin ga ba bakin da na yarda da shi sai naka."

Salih bai tashi ba. "Bakin da ka ce a kawo ma turmi?"

Muɗallabi ya zauna a ƙasa, a gefen gadon. "Shi. Na yi wauta, ya zol, mutumina. Kai haƙori ka rasa, ni hankali. Ka yahe min."

Sannan Salih ya juyo. "Tsaya. Kai, Muɗallabi, ɗan mahauta, kihi ka gasa? Da hannunka?"

"Har kasuwa na ratso da shi."

"Kuma ba wanda ya zo ya tashe ni in gani? Miƙo min takalmina."

Da la'asar benci ya cika, don labari ya riga su zuwa. Salih ya zauna yana ta haɗe rai irin na alƙalai. Muɗallabi ya gasa a gabansa, bai ce uffan ba, abin da mutanen wurin suka ce ba su taɓa gani ba. Ya bi tsokar da yatsa ya tabbata ba ƙaya, ya aza bisa faranti da yankan albasa da rabin lemo, ya ajiye. Salih ya gutsuri kaɗan. Ya kai baki. Kowa ya yi kamar yana duban kogi. Ya haɗiye, ya sake kai hannu, wannan karon babba. Bai ɗago ba sai da farantin ya koma fari, ya karɓi na biyu ya yi masa rabi, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"To, alƙali," in ji Muɗallabi, "mi ka gani?"

Salih ya gyara zama, ya miƙe ƙafa, ya suɗe yatsa. "Shari'a irin wagga ba a yanke ta a zama ɗaya. Gishirin ya ɗan yi yawa. Gobe ka rage, in sake dubawa."

"Jibi hwa?"

"Jibi bulɗi za ka kawo, karfasar nan, mu ga ko sa'a ka ci. Ina jabanata?"