Labarin da Na Tsallake a Rumfar Mai Goro

A shekarun farko na mulkin kai, ni matashin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Gaya, mai farin wando da alli a aljihu, wanda ya karanta littattafai ƴan ƙalilan ya ɗauka sauran na duniya maimaici ne. Yara na kirana Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, iyayensu suka ɗauka, ni kuma na fara jin sunan kamar rawani. Na rubuto muku ne don in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancinsu sun rasu, jikokinsu kuwa har gobe muna gaisawa.

A bakin kasuwa akwai rumfar wani dattijo mai fataucin goro, wanda kowa ke kira Baba. Bayan la'asar ƴan kasuwa da direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sukan taru a nan, ni kuma in zo in karanta musu jarida. Garinmu na kan iyaka, shi ya sa jaridu uku ke iso mu. Ta Yamai na zuwa da motar wasiƙu, ta Dahomai direbobi ke kawo ta daga ƙetaren kogi, duka biyun da Faransanci, sai ta Hausa da fatake ke shigo da ita daga Najeriya, sau da yawa an naɗe wani abu a cikinta. Aikina in karanta, in fassara. Aikinsu su yi gardama har a kira magariba.

Shugaban masu gardamar wani tela ne, ɗan siriri, da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma idonsa na awo. In na gama wani labari sai ya karɓi jaridar, ya auna rubutun da yatsunsa kamar yadi, ya ce wai Mushe, rubutu ɗani biyu ne ka ba mu na rabin ɗani, ina ka kai ƙyallen da ya rage. Dole in koma in karanta duka. Ba ya raga wa kowace jarida. Yakan ce tamu ta Yamai, ko kogi ya ƙafe, rubutawa za ta yi an sauƙaƙa wa talakawa ƙetarawa, ta Dahomai kuma ta ce mu muka shanye shi, ta Najeriya ta ba da labarin bayan damina ta dawo. Baba ya yi ta dariya, yana ce masa mai baki ya fi almakashi.

Ni abin bai ba ni dariya ba, ruɗa ni yake yi. A lakwal tambaya ɗaya amsa ɗaya gare ta, tana kuma bayan littafi. A rumfar nan abu ɗaya zai faru, jaridu uku su kawo shi iri uku, mutum goma su tashi da ra'ayi goma sha ɗaya. Ina komawa gida kaina na juyawa, ban san wa zan gaskata ba. Ga shi lokaci ne da ake ta yi mana huɗubar haɗin kai, ana cewa jaririyar ƙasa ba ta son hayaniya. Sai na yanke cewa maganin ruɗanina shi ne a rage muryoyi. Wata rana telan ya yi irin ba'arsa, na gyara zama na ce masa a gaban jama'a, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya riƙa tauna maganarsa, domin jandarma ma na cin goro a kasuwar nan. Telan ya naɗe tabarmarsa, ya ce ya gode da nasiha, Mushe, bai sake dawowa ba. Daga ranar na samu yadda nake so. Ina karanta ta Yamai daga kai har ƙafa, sauran biyun in tsinci abin da ya dace da ita in bar saura, babu mai auna ni.

Ana haka dangantaka ta fara tsami tsakanin ƙasarmu da Dahomai. Mahaifiyar Baba, tsohuwa tukuf, tana zaune a gidan ƙanwarsa a Malanbil, tsallaken kogi, inda in ka tsaya a bakin ruwa kana hango hayaƙin girkinsu. Ba ta da lafiya, ta aiko cewa a zo a mai da ita Gaya, ɗakinta take so. Baba ya shirya zai ɗauko ta in kayan goronsa sun iso, nan da kwana huɗu ko biyar. A cikin kwanakin ne na buɗe jaridar Dahomai na ga wani dogon labari da ke cewa ana shirin rufe kadarko, kowa ya tsaya a gefensa. Na duba tamu, ta ce zumunci na nan daram. Na karanta labarin can sau biyu a zuciyata, na juya shafi. Baba ya lura na ɗan yi jim. Ya tambaye ni kai tsaye, ya ce ɗana, akwai abin da zai sa in gaggauta zuwa wajen tsohuwa? Na ce masa babu, surutun ƴan ƙetare ne da suka saba.

Ba ƙarya na yi niyya ba, kuma wannan ne har yau ke ɗaure mini kai. Jaridar nan ta sha kawo labarin tashin hankalin da bai auku ba. Da na yi caca a ranar, da a kan tamu zan sa. Amma kwana uku bayan haka muka wayi gari an tare kadarko, an zuba masu bindiga a bakin ruwa, ko masunta ba sa kai jirginsu tsakiyar kogi. Baba ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce ya yi haƙuri. Kullum da hantsi yakan je ya tsaya a bakin ruwa yana kallon tsallake. Kafin a buɗe hanya tsohuwa ta cika. Saƙon ma sai da ya zagaya ta Najeriya, ya iso bayan an yi kwana biyu da binne ta.

Na yi watanni ina zuwa rumfar ina karatu kamar mai tauna ƙasa. Ran nan, bayan mutane sun watse, na durƙusa na faɗa wa Baba komai. Na zaci zai zage ni, har na so ya zage ni. Ya daɗe yana yayyafa wa goronsa ruwa, sannan ya ce shi kansa bai san abin da zai yi ba da na karanta masa. Mai yiwuwa ya ce ƙaryar ƴan ƙetare ce, ya zauna jiran kayansa, abin ya kasance yadda ya kasance. Sai dai, in ji shi, da ya zama nasa kuskuren, ya san yadda zai roƙi Allah gafara a kai. Yanzu kuwa bai san ko yana da laifi wajen uwarsa ko ba shi da shi ba, kuma babu wanda zai iya gaya masa. Ya ce ya yafe mini, in tashi, ƙasa na ɓata mini wando.

Na tsufa ban gano wace jarida ce mai gaskiya a cikin ukun ba, ina jin kowace na da ranarta. Abin da na gano shi ne hayaniyar da na tsana ita ce hanyar da mutanen nan ke tace labari, kuma sun fi ni iya ta. Inda jaridu suka saɓa, a nan suke sanin akwai abin lura. Ni na ɗauki ruɗanina na mai da shi shirun kowa. Don haka ina jan kunnen duk wanda Allah ya sa labari ke bi ta hannunsa kafin ya kai ga wasu, malami ne, ɗan jarida ne, ko wanda ya fi kowa karatu a gidansu. In ka ga labarin da ba ka yarda da shi ba, karanta shi duka, sannan ka ce ba ka yarda ba, ka bar mai gardama ya yi gardamarsa. Ba ka san wanda ke zaune a gabanka da uwa a tsallaken kogi ba.