Kujerar Yaya a Hawa na Uku

Yayata tela ce, kuma in dai ɗinki ne, a layinmu babu mai ja da ita. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, gida ɗaya muke haya, ƙofar ɗakina tana kallon tata. Ni kitso nake yi, ita kuma kekenta na ɗinki yana nan bakin taga, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da murfin gwangwani tun ina budurwa. Mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da yake ba mai kallo haushi. In ka taka ta, ita za ta ce ka yi haƙuri, ƙafarta ce ta shiga hanyarka.

Ɗanta ɗaya a duniya, muna kiransa Kwamanda, don tun yana jariri in ya yi tsawa kowa sai ya miƙe. An haife shi ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, hannun hagu a naɗe, magana kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Ubansa direban babbar mota ne. Da yaron ya shekara uku bai tsaya ba, sai mutumin ya ce ya samu lodi mai nisa, har yau dai bai gama sauke lodin ba. Yaya ta goya ɗanta ta ci gaba da taka kekenta, ba ta taɓa zagin uban a gabansa ba. Ni na zagar mata, safe da yamma.

A layin asibiti ta fara haɗuwa da ire-irenta, mata masu goyon yaran da ƙafafunsu ke jan ƙasa saboda sun wuce goyo. Wata ta ce ita ba ta iya zuwa kasuwa, wata ta ce rabonta da barcin rana ta manta. Sai Yaya ta je wurin wani tsohon kafinta da ke bayan layinmu, ta roƙe shi ɗakin da yake ajiye katako. Ya kwashe katakonsa ya ba ta. Ɗaki ne ba wani abin a zo a gani ba, siminti duk ya farfashe, rufin kwano, da rana kamar a gasa mutum. Amma ƙofarsa mai faɗi ce, kuma daidai take da titi, ko dokin ƙofa babu. Keken guragu yana shiga kai tsaye, mai rarrafe ma ya shiga da kansa. Kafintan ya ƙera musu kujeru masu madauri, matan suka riƙa karɓa-karɓa: uku su zauna da yara, sauran su tafi neman abinci.

A wannan ɗakin Kwamanda ya girma. Ba shi da makaranta, ba shi da majalisa, ba shi da gidan aboki, ɗakin nan shi ne duniyarsa kaf. Kullum da hantsi Yaya za ta yi masa wanka, ta sa masa riga mai guga, ta ɗora shi a kekensa ta tura shi. Wurinsa bakin ƙofa ne, shi ke yi wa kowa iso. Ya san kowace uwa da tafiyarta, in wata ta makara sai ya yi ta buga hannun kujera har ta iso ta ba shi haƙuri. Gemu ya fito masa a bakin ƙofar nan. Ranar da ba a je ba, ko abinci ba ya ci.

To, abu ya yi albarka, mata suka yi yawa, labari ya kai kunnen manya. Aka ce ƙungiya ba ta zama ƙungiya sai da rajista, rajista kuma sai da kwamitin amintattu, wato manyan mutanen da za su riƙa yanke shawara. Nan aka kwaso mana su. Akwai Alƙaliya, wadda ta yi ritaya daga babbar kotu, ita ce shugaba. Akwai Farfesa, da Likita, da wata da ta taɓa riƙe banki sukutum. Ba zan hana su nasu ba, kowace ta yi abin a yaba a inda ta fito, sun sha gwagwarmaya da maza sun ci. Amma a cikinsu babu wadda ta taɓa cire wa ƙato ɗan shekara ashirin wando a banɗaki. Sau ɗaya suka leƙa ɗakin kafinta, suna tafe suna tattare gefen zani, Farfesa tana fifita da takarda. Aka yi hoto, kowace ta dafa kan yaron da ya fi kusa da ita, suka koma motocinsu.

Suka ba Yaya kujera a cikinsu, wai wakiliyar iyaye mata. Alƙaliya da kanta ta kafa doka cewa duk shawarar da ta shafi yaran, ba za ta wuce ba sai wakiliya ta ɗaga hannu. Tana ji da wannan doka, duk baƙon da ya zo sai an karanta masa ita. Ni ma da na ji na ce madalla, ashe da sauran masu tsoron Allah.

Ban san Yayata ba ke nan. Tun ranar da Alƙaliya ta kira ta "ƙanwata" a gaban mutane, ta rage mata hanya a bayan mota, Yaya ta tashi daga aiki. Ta ɗinka wa kanta kaya na musamman don taro. Ta sayi jaka, ba ta da abin sawa a ciki sai allura da tsumman share wa Kwamanda baki. In ta dawo, sai ta zauna ta ba ni labarin kofin shayinsu, da yadda Likita ta miƙo mata biskit da hannunta, bakinta har kunne. In na ce to me kika ce musu game da rufin da yake yoyo, sai ta ce ai lokaci ne ya ƙure. Duk sanda suka waiwayo suka ce, "Me iyaye suke cewa?" amsarta ɗaya ce: suna godiya. Shekara da shekaru iyaye suna ta godiya ba su sani ba.

Ana haka Mai Banki ta zo da albishir. Wani abokin aikinta na da ya ba ƙungiya ofis kyauta a wani dogon bene cikin gari, hawa na uku gaba ɗaya. Suka tafi dubawa da Yaya. Sun duba wurin ajiye motoci, sun duba na'urar sanyaya ɗaki, sun shiga banɗaki sun yaba tayil. Lif ɗin benen, akwatin nan mai hawa da mutane sama, a kulle yake an jingina masa tukunyar fulawa, aka ce musu ana kan gyara. Suka bi matakala suna hira, Likita har tana cewa hawan bene yana da amfani ga zuciya. Farfesa ta ce dama ƙungiya ta wuce matakin zaman raino, yanzu lokacin wayar da kai ne, kuma ba za a kawo baƙi daga ƙasashen waje a kai su bayan shagon kafinta ba. Shawara ita ce a kwashe komai a koma can, a mayar wa kafinta makullinsa.

Yaya ta dawo tana ɗingishi. Ita da ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana ɗaga mutum, gwiwarta ta gaya mata gaskiya tun a hawa na farko.

Ranar da za a yanke shawarar, da safe ta zo ta zauna a gabana in gyara mata kai. Ina tsaga ina yi mata famfo. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, waɗannan matan ba mugaye ba ne, makafi ne masu tabarau, kuma babu mai gaya musu sai ke. Na ce ba a ce ki yi faɗa ba, ba a ce ki yi Turanci ba.

"Yaya, hannunki kawai za ki bari a cinyarki. Ko tari ba sai kin yi ba."

Ta ce in sha Allahu. Ta ce ai ita ma uwa ce, in daina yi mata kamar yarinya. Kwamanda yana gefe yana kallonmu, yana dariya don ya ga na ja mata gashi.

Da yamma ta shigo da ledar biskit, ba ta kalli ɗakina ba. Na bi ta har bakin gado. Da bakinta ta ba ni labari, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, tana bayarwa tana neman in tausaya mata. Wai an yi ta jawabi, kowace ta ɗaga hannu, saura ita. Sai Alƙaliya ta cire tabarau, ta yi murmushi, ta ce ita dai ba za ta matsa wa kowa ba, ƙanwarta ce uwar wannan tafiya, abin da ta ce shi za a yi. Mata huɗu masu digiri suka zuba mata ido suna jira.

"To ya zan yi? Mata kamar waɗannan, su ce sai abin da na ce, ni kuma in watsa musu ƙasa a ido?"

Na ce gara da kika watsa wa ɗanki. Ta ce ai an yi alkawarin gyara lif. Na fita don kada in faɗi abin da uwarmu za ta ji a kabari.

Ranar buɗe ofis aka ce iyaye su zo da yara. Suka zo kuwa, a jere a ƙasan bene, keke bayan keke, rana tana dukansu, maigadi yana ta cewa a matsa kada a tare hanyar motoci. Masu ƙananan yara suka goya suka hau. Masu manya suka tsaya suna kallon matakala. Yaya, ko don borin kunya ko don ta nuna mini, ta durƙusa ta ce in ɗora mata Kwamanda. Na ce ba da ni ba. Ta sa maigadi ya ɗora mata. Ƙato ne fa, ya fi ta tsawo, ƙafafunsa suna bugun kowace matakala. Yana ta murna, ya zaci wasa ne. Sun kusa hawa na biyu gwiwarta ta ce ba ta san zance ba, ta zube a kwana, shi a kanta, ɗankwalinta a ƙasa. Daga sama muna jin tafi, an yanke zare.

A nan manyan suka same mu suna saukowa da baƙi. Likita ta tsaya, ta taɓa gwiwar da yatsa biyu, ta ce a sa ƙanƙara. Alƙaliya ta juya ga baƙin ta ce su ga irin jajircewar iyayen da suke wa aiki, wannan ita ce wakiliyarsu. Baƙi suka gyaɗa kai. Yaya tana zaune a ƙasa, hawaye na zuba don zafi, wallahi sai da ta ce musu sannunku da zuwa. Suka raɓa ta gefen ƙafar Kwamanda ɗaya bayan ɗaya, kowace tana riƙe da jakarta. Ni da maigadi da wani mai shara muka sauko da shi.

Washegari na je wurin kafinta da kaina, ko za a yi gyaran ɓarna. Ihu bayan hari. An aiko masa da makulli da takardar godiya mai hatimi, shi kuma ya riga ya ba surukinsa ɗakin, har an fara jera buhunan siminti. Ya ce ransa bai so ba, amma shi aka ce wa an gode. Kujerun masu madauri suna cikin rana an kifa su kan juna.

Mata suka watse. Wasu sun gwada hawan na ɗan lokaci, suka gaji. Wata ta koma kulle nata a ɗaki in za ta kasuwa. In mun haɗu a hanya suna gaishe ni, amma ba sa tambayar Yaya. Lif kuwa har yanzu ana kan gyara. Na ji an ce ofis ya yi kyau ƙwarai, baƙi suna yabawa, ga tsafta ga shiru.

Kwamanda bai san an yi shawara ba. Kullum da hantsi yana jan jiki zuwa bakin ƙofa, ya kama tayar kekensa ya yi ta jijjigawa. Mu ce masa gobe. Ya rame, tsawar ma ta ragu, tunda ba shi da wanda zai yi wa iso.

Yaya kuwa ba ta ajiye kujerarta ba. Ta ce in ta bari, wa zai yi magana da yawun iyaye? Matsalarta ɗaya, in ya ga ta ɗauko kayan fita sai ya haukace da murna, ya zaci tafiyar ce ta zo. Shi ya sa yanzu ranar taro a ɗakina take shiri, ƙofa a rufe, turare ma sai ta fita waje take fesawa. Jiya ta leƙo ta labule, takalmi a hannu, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Don Allah juya masa fuska bango, in samu in wuce."

Na juya shi. Yana riƙe da hannuna yana tambayata da bakinsa mai nauyi ko yau ne, ita kuma ta bi ta bayansa a kan yatsun ƙafa, ta tafi taron wakiltarsa.